Gamra Ba Ta Jin Takarda

Bulabulin, Maiduguri
Oktoba, 1984

Zuwa ga jikata Zainaba 'yar Yunus, a ƙasar da harshena ya kasa ɗaukar sunanta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fata kin sauka lafiya, kin sami ɗaki mai ƙofa da mutanen kirki. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Gwiwar hagu ce ke ƙara, ita ma ba baƙuwa ba ce. Kaltumi matar ɗana tana gaishe ki, ta ce kin manta zanenki mai ruwan goro a igiyar shanya.

Ni Mukhtari ƙanen kakanki nake magana, maƙwabcina Malam Dzarma ke rubutawa. Ya bar koyarwa, ya rasa yaran da zai yi wa tsawa, sai ya same ni. Shi ba ya jin Larabcinmu, ni ba na jin Buranci balle Turanci, shi ya sa muka haɗu a Hausar kasuwar shanu. In kin ga magana ta karkace, hannunsa ne. Na ce masa duk abin da ya fito bakina ya sa, ko da tari ne.

Tun da Allah ya karɓi Yunus kika dawo hannuna kina da haƙoran madara, ban taɓa hana ki karatu ba. Kika gama jami'a, kika yi wa gwamnati shekararta, na ce to, yanzu za ta zauna. Sai kika ce da sauran koyon aiki, shekara guda, a wata ƙasa bayan Makka. Na tambayi Dzarma, likita za ta zama? Ya ce a'a, ita aikinta shi ne ta hana mutane zuwa wurin likita. Har yau ina juya wannan magana. A ganina likitoci za su yi fushi da ke.

Damina ta yaudare mu bana. Hadari ya riƙa tasowa daga gabas, ya tsaya a kan garin yana kallonmu, ya wuce. Kogin Ngadda bai kawo ruwa ba, yara ƙwallo suke bugawa a cikinsa. Mutanen bakin tafkin Chadi suna shigowa kasuwa da shanu waɗanda za ki ƙirga haƙarƙarinsu daga nesa. Na shekara nawa ina dillancin shanu, ban taɓa jin kunyar kallon saniya ba sai bana.

Saboda haka na je na karɓo Gamra daga hannun mai kiwo. Saniyarki. Tana tsakar gida, na kafa mata turke a ƙarƙashin darbejiya, daidai inda kike shimfiɗa tabarma kina haddar littattafanki. Farin da ke goshinta yana nan kamar tsayuwar wata.

Ki ba ni labarin shanunsu. Ki ba ni labarin ruwansu, in suna da shi.

Kakanki,
Mukhtari

*

Bangaladash
Nuwamba, 1984

Kakana, tsoho mai rigima,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya, ban da mura da kewar miyar Kaltumi. A gaishe ta, a gaida Baba Dzarma da hannunsa. Takardarka ta iso a kwalekwale, gefenta ɗaya a jiƙe, don haka kada ka ce ba su da ruwa.

Kaka, ban san yadda zan faɗa maka ka yarda ba. Nan ruwa ne aka yayyafa wa ƙasa. Gidaje suna kan tudu-tudu, kowane da bishiyoyin ayabarsa, tsakaninsu ruwa kwance kore, shinkafa na leƙowa daga ciki. Da safe tururi yana tashi daga kan kogi har ba a ganin kwalekwale, sai ka ga mutum a tsaye yana tafiya a kan iska da doguwar sanda. Kiran salla yana zuwa ta kan ruwa daga masallatai da ba ka gani. Ranar farko da na ji shi na yi kuka, don shi kaɗai ne abin da na gane a duk ƙasar.

Shanunsu kuwa, ka yi haƙuri. In ka sa ɗaya kusa da Gamra za a ce ɗan maraƙinta ne. Ƙahonsu bai fi yatsa ba.

Aikina yawo ne gida-gida, ni da abokiyar aikina Rakiya, su Rokeya suke cewa. Ruwan da ya cika musu ido shi ke kashe 'ya'yansu da gudawa. Muna zama da uwa a ƙofar ɗakinta, mu nuna mata: gishiri abin da yatsu uku suka tsunkulo, mazarƙwaila cikin tafin hannu, ruwa mai tsabta moɗa guda. A dama, a riƙa ba yaro kaɗan-kaɗan. Ba ma tashi sai ta haɗa da hannunta mun ɗanɗana. Matan sukan bar kallon moɗa su kalle ni, wata tsohuwa har ta goga yatsa a kumatuna ta duba ko zai fita. Rakiya ta ce mata daga Afirka nake, kuma Musulma. Ta sa na karanta mata Fatiha kafin ta yarda, sannan ta cika mini ciki da kifi.

Makon jiya mun isa wani gida mun makara. Kashegari a wani gidan muka tarar da yarinya idanunta sun faɗa, uwar ta ƙi mu, ta ce ruwa ne ke fita, ya za a ƙara ruwa? Muka wuni a wurin. Da la'asar yarinyar ta nemi nono. Na dawo a kwalekwale ina jin kamar ba ni da nauyi.

Ka shafa mini goshin Gamra. Ka kuma ci abinci, na san ka.

Jikarka,
Zainaba

*

Bulabulin
Disamba, 1984

Zainaba, amaryar kakanta,

Gaisuwa da fatan alheri. Muna lafiya. Mura ba cuta ba ce, ki sha kanwa.

Na sa Dzarma ya maimaita mini wurin tururin nan har ya ce maƙogwaronsa ya bushe. Kin ce ba zan yarda ba. Yarinya, ni na ga ƙasar nan taki tun ba a haifi ubanki ba. A nan take, arewa da mu. Tafkin Chadi ne sa'ad da yake tafki.

Ina saurayi, ni da kakanki muka kai garke bakin ruwa. Ba a ganin ƙarshensa. Tsibirai suna tafiya da kansu, yau ka kwana kana kallon ɗaya, gobe ya koma wani wuri da tsuntsayensa. Wata safiya muna alwala, sai muka ga ƙahoni suna tahowa a kan ruwa, manya, farare, kumburarru kamar tuluna, babu jiki babu ƙafa. Kakanki ya fara salati. Ashe shanun mutanen tsibiri ne ke iyo, ƙahonsu ke riƙe kansu a sama. Suka fito ɗaya bayan ɗaya ruwa na zuba daga jikinsu. A cikinsu akwai wata karsana da ta nufo mu kai tsaye ta tsaya. Kakanki ya ba da bijimai biyu a kanta, aka yi masa dariya. Muka sa mata Bahriyya.

Jininta ne aka ba ki ran sunanki. Ni na riƙe igiyar, ni na kai kunnen 'yar maraƙar kusa da bakinki kina tsala kuka, don ta san muryar mai ita. Haka muke yi. Wannan maraƙar ta haifi Hamra, Hamra ta haifi Gamra. Duk garken nan da ya cika daji, yau ita kaɗai ta rage.

Kwanakin nan in na kwanta bayan azahar sai in ga ruwa ya shigo Bulabulin. Ba ambaliya ba, a hankali, ta kan titin gidan waya. Masu tebur suna sayar da sigarinsu a kwalekwale. Sai ga ki tsaye da doguwar sanda, Gamra na iyo a bayanki. Kullum kafin ki iso ƙofa Kaltumi ke tada ni da ƙarar turmi.

Harawa ta yi wuya, dussa sai an bi layi. Mahauta sun fara zuwa gaishe ni, ni da ba ni da ciwo. Na ce da su in gaisuwa ce sun yi, hanya na nan. Gamra ta ɗan faɗa amma tana tsaye. Haɗin nan naki na gwada mata, gishiri da mazarƙwaila a bokiti, ta shanye har tana lasar hannuna. Ki gaya wa Rokeya ɗinku yana yi wa shanu ma.

Kakanki,
Mukhtari

Ƙari daga mai rubutu: 'Yata, wannan bai san na sa ba. Kunun da Kaltumi ke dama masa da safe, da tuwon dare, rabi a bokitin saniya yake ƙarewa. Geron gidan ba zai ɗauki mutum da saniya ba. Rigarsa ta fara yi masa yawa. Dzarma.

*

Bangaladash
Janairu, 1985

Kaka,

Ina gaisuwa. Ina lafiya. Ina sauri ne, mai kai wasiƙu birni yana jirana a bakin ruwa.

Labarin Bahriyya ya bi ni har cikin barci, amma ba shi zan yi magana a kai ba. Na ji yadda gero yake a gida, kada ka tambaye ni a ina. Kaka, ka sayar da Gamra. Tun tana da sauran nama a jiki ka sayar, a sayi hatsi a ajiye. Tawa ce, na yafe, na ba ka izini. Kullum ina ganin abin da yunwa ke yi wa jikin da gudawa ta samu, ba na son in gan shi a jikinka. Saniya ce, Kaka, ana samun wata.

Wani labari kuma. Shugabar aikinmu ta kira ni, ta ce sun ji daɗin yadda mata ke saurarona ko da ba ma jin juna, in ina so za su ƙara mini shekara, in riƙe gunduma guda da kaina. Ban ba ta amsa ba tukuna. Amma ka ga jikarka ba ta ba ka kunya ba.

Ka ci abinci, don Allah.

Zainaba

*

Bulabulin
Maris, 1985

Zainaba,

Muna lafiya. Takarda ta zo. Gamra ba ta jin takarda. Allah ya ba da sa'ar gunduma.

Mukhtari

Daga Dzarma: 'Yata, iyakar abin da ya yarda a rubuta ke nan, shi ma sai da na yi makonni ina binsa. Sauran nawa ne, kuma laifin da ke ciki nawa ne, ni na tsoratar da ke.

Ranar da na karanta masa wasiƙarki, ya ce in sake. Na sake. Ya ce, "Dzarma, ka rantse da Littafinku ba kai ka ƙara ba." Na ce, "Mukhtari, shekara ashirin muna shan inuwa ɗaya, yau ni ne maƙaryaci?" Ya ce, "Ban ce maƙaryaci ba, na ce malamin makaranta." Ya karɓi takardar ya juya ta sama da ƙasa, ya shinshina, ya miƙo mini.

Ga abin da ya tsaya a kai. A wurinsu saniyar suna ba ta barin turke, ko sayarwa ko kyauta ko aro, sai mai ita ta faɗa da bakinta, a gaban shaidu, saniyar tana ji. Da murya aka ɗaura, da murya ake kwancewa. Na ce masa ai hannunki ne, na san rubutunki tun kina aji uku. Ya ce hannu ba baki ba ne.

Amma ni da ke zaune kusa da shi na san ba wannan ne ya kwantar da shi ba. Maganarki biyu ya haɗa wuri ɗaya: a sayar da saniya, an ƙara shekara. Ya ce da ni, "Ka ji? Ta ce ana samun wata. Wanda zai dawo ba ya cewa a tuge turkensa." Na ce ba haka kike nufi ba. Ya ce ni na san karatu, shi ya san mutane.

Gudawa ta kama shi makon da ya wuce. Kaltumi ta haɗa masa abin nan naki daidai yadda kika rubuta. Ya karɓa, ya gode, ya dafa bango ya kai wa saniya. Yanzu ya ɗan tashi, amma salla a zaune yake yi. Su biyun suna wuni a ƙarƙashin darbejiya, yana yi mata magana da Larabcinku, ita ma ba ta cika tashi ba.

Na kawo masa shawara. Can wajenmu, kudu da Biu, bakin kogin Hawul, akwai sauran ciyawa da ruwa. Ɗan wana Peter yana da shanun noma, yaro ne mai riƙon amana. Akwai mai babbar mota ɗan cocinmu da ke komawa wayam bayan ya sauke masara. Har na ɗauka Mukhtari ya yarda, sai ya ce, "Wurin ya yi. Amma wa zai gaya wa Gamra?"

Ke kika san abin yi. Ki hanzarta.

*

Bangaladash
Afrilu, 1985

Baba Dzarma,

Ina gaisuwa da girmamawa, na gode, Allah ya saka. Wannan takarda taka ce, kada ka karanta masa. Abin da ke cikin ƙunshin nasa ne.

Na karanta layukansa huɗu a bakin kogi na rasa inda zan sa kaina. Ni da nake wuni ina koya wa ma'aikata cewa ba a jefa wa uwa magana daga bakin ƙofa, sai an zauna, sai an ji abin da take tsoro, ni ce na jefa wa kakana magana a tsaye don mai wasiƙa na jira.

Rakiya ce ta ga ina kuka ta tambaya. Da na bayyana mata, ba ta yi dariya ba. Ta ce mazansu da ke aiki a ƙasashen Larabawa ba sa rubuto takarda, kaset suke aikowa, don matan ba sa karatu. Ta aro mini rediyon mijin yayarta mai ɗaukar magana. Na shiga kwalekwale, na sa aka kai ni tsakiyar ruwa inda babu hayaniya, na yi magana.

Don Allah a nemo rediyo mai kaset da sabon batir. A kira Kaltumi da limamin unguwa, da kai, ku ne shaidu. A ajiye rediyon kusa da kunnenta na dama, nan aka sa mata muryata, ko in ce wa kakarta. Kada a bar shi ya taɓa maɓallan.

'Yarka,
Zainaba

*

Bulabulin
Mayu, 1985

Zuwa ga Zainaba mai Gamra,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, wannan karon da gaske. Na ci tuwo malmala biyu jiya, Kaltumi ta tsaya a kaina kamar ɗan sanda. Ruwan gishirinki ma na sha. Ba daɗi. Gamra ta fi ni haƙuri.

Da Dzarma ya shigo da akwatin nan, da liman a bayansa, na ɗauka gaisuwar mutuwata aka zo yi tun da rai. Aka ajiye shi a kan turmi kusa da kanta. Dzarma ya danna. Da farko ba magana, sai ruwa. Zainaba, ruwa! Yana bugun gefen katako, lap, lap, kamar yadda yake yi a tafki da hantsi. Wani tsuntsu ya yi kuka can nesa. Na rufe ido, ƙafafuna suka yi sanyi har idon sawu. Na ji warin ciyawar ruwa a tsakar gidana.

Sai kika yi kiran nan. Kiran shanun da na koya miki kina kan wuyana, wanda kike yi ba daidai ba, kina karya shi a ƙarshe. Har yau ba ki gyara ba. Gamra ta ɗaga kunne. Ta juya kai tana neman ki bayan turmi. Ta sa gwiwa, ta yunƙura, ta koma, ta sake yunƙurawa, ta miƙe tsaye tana tangaɗi. Liman ya ce Allahu akbar. Dzarma ya ce Haleluya, ya kuma ce kada in sa a takarda. Rubuta, malam.

Duk abin da kika faɗa mata ta ji, mu ma mun ji. Ba sayarwa ba, riƙo. Ta tafi wurin Peter ta ci ciyawar Hawul, ɗan fari da za ta haifa nasa ne ladan kiwo, ita kuwa taki ce har ta dawo. Kika ce a bar turke inda yake. Kika ce in ajiye igiyar, ke za ki ɗaura mata da hannunki in shekararki ta cika, gundumar da kike so tana tsakanin Bulabulin da bakin tafki. Na sa aka maimaita wurin nan. Liman ya ce ya isa shaida, na ce ban ji da kyau ba.

Ta tafi ran Talata da safe. Mutum shida suka ɗora ta a babbar motar, na shimfiɗa mata tsohon bargona. Na gaya wa direba in ya yi gudu da ita Allah yana gani. Peter ya aiko cewa ta sauka, ta sha daga kogi, ta tsaya cikin ruwan har gwiwa ta ƙi fita. Jinin Bahriyya ke nan.

Yanzu ga wata 'yar matsala. Bayan motar ta tafi gidan ya yi faɗi. Na zauna da akwatin ina sauraron ruwan. Sai na tuna ban taɓa faɗa miki sunayen duka ba: uwayen Gamra tun daga tsibiri, da rijiyoyin da muka sha daga bakin tafki zuwa nan Yerwa, da inda muka binne kakarki a gindin aduwa, da inda aka haifi Yunus ana ruwa. Ba wanda ya san su yanzu sai ni, Kaltumi kuwa in na fara sai ta tuna ta bar tukunya a wuta. Na ce tunda akwatin nan yana kai murya, bari ya kai tawa. Na danna, na yi ta faɗa har abin ya tsaya da kansa. Ban tsallake ko rijiya ɗaya ba.

Dzarma ya zo ya kunna, sai ni kaɗai ke magana. Ruwan ya tafi, kiran ya tafi, ke ma kin tafi. Ya ce na hau kan muryarki na goge ta. Ya yi ta faɗa kamar na fasa masa allo.

To ga kaset ɗin nan na mayar miki, ki saurara a kwalekwalenki, ki haddace, zan tambaye ki. Amma kin ga inda aka tsaya. Alkawarin da kika yi na igiya yanzu ba ya cikin akwati, ba ya cikin takarda. Liman ya tsufa, Dzarma ba a rantsuwa da shi a kan saniya, Kaltumi mantuwa gare ta. Sai ki zo ki sake faɗa da bakinki.

Azumi ya kusa. Jiya hadari ya taso daga kudu, bai zuba ba, amma ya yi ƙamshi. Igiyar tana rataye a reshen darbejiya, kusa da zanenki mai ruwan goro. Na hana a ɗauke shi.

Kakanki,
Mukhtari

Ƙari daga mai rubutu: 'Yata, na nuna masa jan maɓallin nan da yatsana, na ce duk abin da zai taɓa kada ya taɓa wannan, na kuma gaya masa abin da yake yi. Sai an danna shi tare da na kusa da shi, da ƙarfi, kafin ya kama. Ke dai ki yi lissafinki. Yanzu haka yana zaune yana cin gyaɗata, yana tambayata jirgin saman da ke tasowa daga ƙasarku ran wace rana yake sauka Kano. Dzarma.